Ka Dubi Ƙafar da Ke Ƙasa

Bagudo,
ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Umaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙetarar da kai kogin Kwara lafiya, ya tsare ka cikin jirgi da cikin mota, ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Innarka ce za ta cusa takardar a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don ta san can hannunka zai fara zuwa. Za ka kuma tarar da wani ƙunshi a cikin tsohon zane. Kada ka buɗe shi sai ka karanta wannan har ƙarshe.

Na zaɓi in rubuta ne don na san halinka. In na zaunar da kai ina magana, sai ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba," alhali hankalinka yana filin ƙwallo. To ga shi filin ya zama wurin aikinka. Malamin wasanni a sakandare! Tun da takardarka ta zo bakina ya ƙi rufuwa, har mutanen masallaci sun fara gudun gaisawa da ni, don sun san labarin da za su sha.

Aikin da za ka yi ya ƙunshi duba ƙafafun 'ya'yan mutane, ka ce wannan ya shiga, wancan ya koma. Ni sau ɗaya aka taɓa ba ni irin wannan aiki, shekarar da aka samu 'yancin kai, na kuwa tafka kuskure a kan kuskure har na kusa hana wani yaro makaranta. A lokacin kana kwalejin horon malamai. Da ka zo hutu na ba ka labarin, amma wanda na ba ka na gyara shi ne yadda zan fito da farar riga. Yau ga shi yadda ya faru.

A shekarar ina riƙe da ajin ƙarshe a firamarenmu ta nan Bagudo. Sai takarda ta zo mini daga malamin wasanni na sakandaren nan da za ka, wani Bazazzagi mai suna Malam Haruna. Ya ce gurbi ɗaya tak ya rage a ajin farko, kuma yarana biyu sun yi kunnen doki a jarrabawa, an rasa wanda za a ɗauka. Shi kuma ƙungiyarsa ta rasa mai tsaron baya da zai iya ɗaga ƙwallo daga bakin raga ya kai ta tsakiyar fili. Shugaban makaranta ya yarda a raba gardamar da ƙafa. Malam Haruna ya ce zai zo ranar bikin 'yancin kai, ranar da za mu buga da yaran tsallaken iyaka na ƙasar Dahome, in nuna masa wanda ya fi ƙarfin bugu, shi zai tafi da shi.

Yaran biyu ka san su. Ɗanjuma ne na Geza, wanda abokansa ke kira Turmi saboda kaurin cinyoyinsa, da kuma Sambo ɗan Baffa Jodi, na rugar nan ta bayan Matsinkai, wanda in ya tsaya a rana inuwarsa ma da ƙyar ake ganinta.

Kuskurena na farko gado ne. Ka san kakanka dillalin shanu ne a kara, kuma a gindinsa na tashi. Tun ban kai kafaɗar maraƙi ba na iya shafa ƙafar takarkari in faɗi ko zai kai kaya Dahome ya dawo. Saboda haka da na karanta takardar Malam Haruna sai na ji kaina ya kumbura, na ce ai wannan sana'ar gidanmu ce. Na kira yaran gaban aji, na sa suka naɗe wando, na durƙusa ina latsa musu sharaɓa ina murza gwiwa, 'yan aji suna ta ƙunshe dariya. Ƙafar Ɗanjuma ta cika mini hannu biyu. Ta Sambo kuwa yatsuna biyu suka zagaye ƙwaurin har suka haɗu. Nan take na yanke hukunci a zuciyata, tun ba a kawo ƙwallo ba.

Kai ma ban bar ka ba, in gaya maka. Ranar sunanka da aka miƙo mini kai, ƙafarka na fara kamawa, na ce wa innarka wannan na littafi ne, ba zai taɓa tsere wa ko agwagwa ba. Ta ce in bari ka tashi tsaye tukuna. To Umaru, yaro ba takarkari ba ne. Kaurin ƙafa yana gaya maka nauyin da za ta ɗauka, amma ba ya gaya maka saurin da za ta fita da shi, ko inda za ta aika ƙwallo. Kada ka taɓa rubuta sunan yaro ko ka soke shi yana tsaye cik. Bari ya motsa.

Da na gama yanke hukuncina, sai na shirya gwaji don mutane su ga na yi adalci. Da hantsi na fitar da su fili, iska tana bayansu, ƙwallo a bushe ƙamas. Ka tuna irin ƙwallonmu ta fata mai igiya, wadda in ta bushe ba ta fi ƙwarya nauyi ba. Na ce kowa bugu ɗaya, a nufi tsamiyar nan ta ƙarshen fili. Ɗanjuma ya ja da baya har ya kusa shiga aji, ya rugo, ya ɗirka mata kan babban yatsa. Ƙwallo ta tashi ta wuce tsamiya, ta karkace hagu, ta faɗa garken awakin maƙwabta. Awaki suka watse, yara suka ɗauki ihu, masu wucewa kasuwa suka tsaya suna tafi. Sambo ya zo, taku uku kawai ya yi, ya buga da bayan ƙafa. Tasa ta tafi a miƙe ta sauka a gindin tsamiyar daidai, amma ba ta wuce ba. Babu wanda ya tafa masa. Na ce an gama, kowa ya koma aji.

Ka lura, tsamiya na ce a nufa, kuma wanda ya sami tsamiyar shi na kayar. Ihun mutane ne ya yi mini alƙalanci. Kafin azahar labari ya kai Geza cewa Malam ya zaɓi Turmi, ni kuma duk wanda ya tambaye ni sai in gyaɗa kai ina shafa gemu.

Da na dawo gida ina ba innarka labari tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, bugu guda ɗai ka gani?"

Na ce, "Guda ya isa ga wanda yas san ƙahwa."

Ta ce, "Ni dai in 'yan mata sunka zo mini daka, wadda ka hwarawa da ƙarhi har unguwa ta ji, ita ka riga kowa aje taɓarya. Ba ni yabon yarinya sai na ga gari cikin ƙwarya."

Na ce, "Mi yah haɗa daka da ƙwallo?" Na ɗauki butata na fita. Har yau in ta so ta tsokane ni sai ta tambaye ni abin da ya haɗa su.

Saboda haka in za ka gwada yaro, kada ka gwada shi sau ɗaya, kuma kada ka gwada shi yana sabon tashi. Sa shi ya zagaya fili har ya yi gumi, sa'an nan ka ajiye masa ƙwallo. Ya buga goma, ya huta kaɗan, ya ƙara goma. Ka juya shi ya fuskanci iska. Ka tsoma ƙwallon a ruwa, don ranar wasa ba za a tambaye ka ko an yi ruwa ba. Ka shimfiɗa tabarma a inda kake so ta sauka, ka ƙirga sau nawa ta same ta, ka ga kuma ko bugu na goma sha biyar ya yi kama da na farko. In da hali ka yi gwajin inda babu 'yan kallo. In kuma wani ya ba ka shawara daga wajen sana'arka, ko da daga bakin turmi ne, ka tsaya ka ji ta ƙare kafin ka ɗauki buta.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na gaba, don wannan ba rashin sani ba ne.

Ana saura mako guda biki na hau kekena zuwa Matsinkai gaisuwar wani abokina da ya yi rashin lafiya. A hanyar dawowa na ratsa ta bakin fadama, sai ga garken Baffa Jodi. Tsohon yana zaune a inuwar kalgo yana tufka igiya, ya ce lalle sai na sauka na sha fura. Sambo yana can nesa kaɗan da shanu, ya yi tsayuwar nan ta makiyaya: ƙafar hagu a ƙasa, ya ɗora tafin ta dama a kan gwiwarta, ya rataya hannuwa a kan sandar da ke kafaɗarsa. Ko tokarewa da sandar bai yi ba. Muka gaisa da Baffa, muka sha fura, muka yi hirar damina da ta ciwon kofato da ta sabuwar tutar da za a ɗaga. Duk tsawon hirar nan yaron bai sauya ƙafa ba, bai ko yi layi ba.

Can sai wani maraƙi ya ɓalle ya nufi gonar dawar mutane. Na zaci yaron zai ruga. Sai kawai ya sauke ƙafar dama, ya ga wani busasshen ƙwallon goruba a gabansa, ya make shi. Ƙwallon nan ya tashi ya sauka a gaban hancin maraƙin, maraƙi ya yi turjiya ya juyo cikin garke. Sambo ya mayar da ƙafarsa kan gwiwa kamar ba abin da ya faru. Tazarar ta kusa kai daga ajinmu zuwa tsamiya.

Baffa Jodi ya ga na saki baki. Ya yi 'yar dariya ya ce, "An ce ka latsa ƙahwar ɗana ka ce ba ta da nama."

Kunya ta kama ni, na ce, "Baffa, aikin makaranta na."

Ya ce, "Ban yi hushi ba, Malam. Amma ku ƙahwad da ka tashi sama kuka kallo. Mu wurin kiyo wadda tat tsaya ƙasa muka duba, don ita ka ɗaukar mutum. Yaron ga tun yana shekara shidda yake tsaye bisa wagga ta hagu."

Umaru, na gani da idona, na kuma ji da kunnena. Na hau keke na dawo Bagudo ina sane sarai cewa na yi kuskure. Amma na riga na faɗa wa gari, mutanen Geza har sun fara yi wa Ɗanjuma kirari, ni kuma ɗan dillali ne da ba a taɓa jin ya canza magana a kan ƙafa ba. Sai na yi shiru. Na bar yaro zai rasa makaranta don kada a ce Malam ya yi kuskure. Wannan ina so ka riƙe fiye da duk sauran. Ranar da ka gane ka yi wa yaro gurguwar fahimta, a ranar za ka gyara, da bakinka, a gaban waɗanda ka faɗa wa ta farko. Kunyar ba ta wuce ta yini ɗaya, na gwada na gani daga baya.

Da zuciyata ta ƙi barina in sake, sai na nemi hanyar da zan taimaki Sambo ba tare da na janye maganata ba, a nan kuma na yi wautar da har yanzu ake ba da labarinta a kasuwa. Akwai takalman ƙwallo da na sa wani ɗan kasuwa ya kawo mini daga tsallake, baƙaƙe, masu ƙusoshi a ƙasa, masu tauri kamar ƙirgi. Da ƙafar Ɗanjuma aka auna su, shi kuwa ya saka sau ɗaya ya cire, ya ce ba ya jin ƙasa. A duk Bagudo a lokacin babu yaron da ya taɓa buga ƙwallo da takalmi. Sai na ce bari in ba Sambo, Malam Haruna ya gan shi fes kamar ɗan birni, wataƙila ya ɗauke shi da kansa ba sai na ce komai ba. Da safiyar biki na kira shi, na cusa auduga a bakin takalman, na ɗaure masa igiya har sau biyu a idon sawu. Yaro mai kunya, abin da ya ce mini kawai shi ne "na gode, Malam."

Ranar kuwa gari ya cika ya batse. An yi ruwa da asuba, sa'an nan rana ta fito. Aka ɗaga tuta, 'yan makaranta suka yi maci, makaɗa suka zo daga ƙauyuka, mata suna ta guɗa. Baƙinmu na Dahome suka iso da nasu kiɗan, su ma ba su daɗe da samun nasu 'yancin ba, kuma rabinsu 'yan'uwanmu ne, Dandawa da Fulanin da muke haɗuwa da su kowace kasuwa. Aka yi ta rungume-rungume ana tsokanar juna, su suna cewa za su zuba mana goma, mu muna cewa su tanadi kwandon kwashewa. Na sa farar rigata ta salla. Malam Haruna, ɗan siriri mai tabarau, ya zauna kusa da ni da ɗan littafinsa a kan gwiwa. Na nuna masa Ɗanjuma na ce ga mutuminka.

Aka busa usur. Bugun Ɗanjuma na farko ya tashi kamar zai tafi Dahome, ya karkace ya faɗa kan gangar wani makaɗi, jama'a suka yi ta shewa. Na biyu ma ya yi nisa, amma a ƙafar baƙi ya sauka. Daga nan ƙwallo ta sha ruwa ta yi nauyi, shi kuma da kan yatsa yake bugu. Kafin a je ko'ina babban yatsansa ya kumbura, bugunsa ya dinga raguwa, har ya koma ba ya kai ta ko rabin rabin fili. Sambo kuwa, wayyo! Takalman nan suka kwashi laka, kowane ɗaya ya zama kamar tubali. Yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata, ya zame nan, ya faɗi can. Sau ɗaya ya sami ƙwallo ya buga, takalmin dama ya fita ya bi ta, har ya fi ta nisa. Filin nan kaf ya kwashe da dariya, baƙi har da kwanciya a ƙasa. Na hango Baffa Jodi a tsaye cikin mutane da malfarsa, shi kaɗai ba ya dariya. Baƙin suka zuba mana biyu kafin hutun rabin lokaci.

Malam Haruna ya rufe littafinsa ya ce mini a hankali, "Malam, gaskiya ban ga abin da na zo nema ba. Mai ƙarfin ya gaji, ɗayan kuma ko tsayuwa bai iya ba. Ina jin gurbin nan sai dai a ba wata makaranta."

Ga shi garin kare girmana zan sa yara biyu su rasa gaba ɗaya. Duk da haka bakina ya ƙi buɗewa. Wanda ya buɗe baki Ɗanjuma ne. Ya ɗingiso ya zo gabanmu, ya durƙusa, gumi yana zuba, ya ce, "Malam, don Allah ka ɗebe mai takalman ga. Wallahi ya hi ni bugu. Kullum in mun tashi makaranta muna gwadawa bakin hwadama. Na hwarko da na biyu ni ka cin shi, daga na ukku har rana ta hwaɗi shi ka ci na."

Na ce, "Kai, ka san abin da kaka hwaɗi? Makarantar hwa?"

Ya ce, "Ni Malam ba ni son ta. Kokowa nika so, da gonarmu. Na ji tsoron gaya maka na, don na ga kana ta murna."

Ka ji wani kuskuren kuma. Wata guda ina shirya wa yaro tafiya, ban taɓa tambayarsa ko yana son zuwa ba. Ka riƙa tambayar yara, Umaru, kuma ka tambaye su su kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Su suka san wanda ya fi wani a cikinsu, don suna gwada junansu a inda malami ba ya zuwa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shiga filin nan da farar rigata, na durƙusa cikin laka a gaban Sambo, na kwance igiyar da na ɗaure da hannuna, na zare takalman, na zazzage audugar. Duk dunduniyarsa ta saɓule. Na ɗaga murya yadda na kusa za su ji, na ce ni na yi kuskure tun farko, ga mai bugu nan. Wani daga cikin mutanen Geza ya yi ihu, "Dillali ya hwaɗi kasuwa!" Aka yi dariya, ni ma na yi, kuma wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Aka dawo wasa. Ƙwallo ta fita ta bayan ragarmu, gola ya ajiye wa Sambo ita. Taku uku ya yi. Ƙafar hagun nan ta kafe a laka kamar turke, ƙugunsa ya juya, jiƙaƙƙiyar ƙwallon nan ta tashi ta wuce tsakiyar fili ta sauka a gaban ɗan wasanmu na gaba. Nan take guɗa ta ɓarke. Ya sake, ya kuma sakewa, kowane bugu kamar an auna shi da igiya. Ɗanjuma da yatsansa a naɗe yana bakin fili yana tsalle da ƙafa ɗaya, ya fi kowa ihu. Muka rama ɗaya, ana dab da tashi muka rama na biyu. Ba mu ci su ba, kada wani ya ƙara maka gishiri, biyu da biyu aka tashi. Amma yadda aka yi ta kiɗa da rawa da mu da baƙin har la'asar sakaliya, sai ka ce kowa ne ya ci.

Malam Haruna bai shiga rawar ba. Ya riƙe Sambo a fili, a gajiyensa, ya cire hularsa ya ajiye a tsakiyar fili, ya ce ya buga ashirin daga wuri ɗaya, goma da dama, goma da hagu. Abin da ya ba ni mamaki, ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya bi ƙwallon da ido ba. Ni ya sa in riƙa faɗa masa inda ta sauka, shi kuwa ya tsuguna yana kallon ƙasa. Da aka gama ya yafuto ni ya nuna mini laka. Bugu goma na dama, amma sawun ƙafar hagu guda ɗaya ne, rami ɗaya a gefen inda ƙwallo take zama, ko faɗin yatsa bai gusa ba. Ya ce, "Malam, wannan nake nema. Ƙarfi zan iya ƙara masa da tuwo da motsa jiki. Wannan tsayuwar kuwa ban san yadda ake koyar da ita ba."

Baffa Jodi yana bayanmu yana ji. Ya matso ya ce, "Shanu ka koyar da ita." Sa'an nan ya tambayi Malam Haruna abu ɗaya kawai, ko za a riƙa sako masa yaron lokacin hutu ya ga garke. Aka ce za a sako. Ya kama hannun Sambo ya sa a hannun Malam Haruna, ya juya da sauri yana gyara malfa, don kada mu ga idonsa.

Sauran ka sani. Ɗanjuma yau in an ce zai yi kokawa, har daga Dahome ake zuwa kallo, kuma duk kaka sai ya aiko mini da damin gero, yana cewa ladan rashin tura shi makaranta ne. Sambo yana ajin ƙarshe, shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar da za a danƙa maka, tunda Malam Haruna ya sami canjin wurin aiki. Saboda haka in ka tsuguna gwada sababbin yara, ka tsuguna ta gefen ƙafar da ke ƙasa. Ka duba ko tana sauka kusa da ƙwallo, ko gwiwar tana rawa, ko yaron yana iya tsayawa bayan ya buga ba tare da ya yi tangaɗi ba. Kuma ka bar kowane yaro ya nuna maka kansa yadda ya saba, mai takalmi da takalminsa, mara takalmi da tafin ƙafarsa. Sabon abu a koya masa shi bayan an ɗauke shi, a hankali.

Yanzu buɗe ƙunshin. Takalman ne. Shekara biyar suna rataye a ɗakina, innarka tana shafa musu man shanu don kada su tsage, ni kuma ina kallonsu duk lokacin da na ji kaina ya fara kumbura. Da hutun da ya wuce Sambo ya zo gaishe ni, ya yi tsawo har sai da ya sunkuya a ƙofar zaure. Ya hango su, ya yi murmushi, ya sauko da ɗaya ya ajiye a ƙasa, ya jera ƙafarsa a gefe. Daidai wa daida, ko audugar ba a bukata. Bai roƙa ba, ka san shi. Ni ma ban ba shi a ranar ba, don ina so su zo masa ta hannunka. Ka kai masa, ka ce in ji Malam, wancan karon na yi gaggawa, yanzu ƙafarsa ta kai.

Kai ma na yi maka gaggawa ranar sunanka. Innarka ta ce in bari ka tashi tsaye, ga shi ka tashi, kuma ban taɓa jin daɗin faɗuwa kasuwa irin wannan ba.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci ko ba ka jin yunwa, ka rubuto mana da zarar ka sauka. Innarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya kai ka lafiya, ya kare ka daga sharrin hanya da na baki, ya ba ka idon da ya fi na ubanka, ya sa 'ya'yan mutane su amfana da kai. Allah ya dawo mana da kai lafiya lokacin hutu. Amin.

Ni ne mahaifinka mai alfahari da kai,
Malam Garba.